Rubutun kan bidiyo ya ƙi zama a tsakiya: yadda ake bin sawun matsalar

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta yana tace bidiyon biki ko na talla ya san wannan takaicin. Ka rubuta sunan ango da amarya, ka danna maɓallin tsakiya, ka fitar da aiki, sai da aka kunna a babbar talabijin ta falo ka ga rubutun ya karkace gefe guda kamar hular ɗan gaye. Abin da hannu ke fara yi shi ne ya kama rubutun da linzami ya ɗan ja shi dama. Wannan jan shi nake so ka daina, domin yawanci gyaran gangar Auzinawa ne.

Dalili kuwa, a manhajar tace bidiyo tsakiya ba guda ɗaya ba ce. Akwai tsakiyar haruffa a cikin akwatinsu, akwai tsakiyar akwatin a cikin hoton, akwai turken da rubutun ke girma ko juyawa a kansa, sannan akwai tsakiyar shi kansa hoton. Idan ɗaya ta goce kai kuma ka matsar da wata don ido ya gamsu, kuskuren yana nan a binne. Ranar da mai aiki ya kira ya ce a ƙara "Alhaji" a gaban sunan, ranar zai tono kansa. Zan fi jingina da Premiere Pro saboda shi na fi sabawa da shi, amma zan riƙa leƙa DaVinci Resolve da CapCut da After Effects a inda suka bambanta.

Mataki na 1: tabbatar da cewa rubutun ne ya goce

Sau da yawa ba rubutun ba ne, tagar kallon ce. Idan ka zuƙo hoton zuwa kashi 100 ko 200 don duba wani abu ka manta, abin da kake gani yanki ne kawai na hoton, tsakiyar tagar kuma ba ita ce tsakiyar bidiyon ba. Mayar da girman kallo kan Fit tukuna.

Daga nan sai ka kafa ma'auni. A Premiere, danna alamar sifana da ke ƙasan tagar kallo ka kunna Safe Margins. Akwatuna biyu za su bayyana, da 'yan gajerun alamu da ke nuna tsakiyar kowane gefe. Idan kana son abin da ya fi wannan, shiga View ka zaɓi Add Guide, ka kafa layin tsaye a daidai rabin faɗin hoton. A Resolve ana samun irin wannan a Safe Area, har da alamar tsakiya.

Waɗannan lambobin su zauna maka a ka. Hoton 1920 da 1080, tsakiyarsa 960 da 540. Na tsaye irin na TikTok da sitatus, wato 1080 da 1920, tsakiyarsa 540 da 960. Na 4K mai 3840 da 2160, tsakiyarsa 1920 da 1080. Na 1280 da 720 kuwa 640 da 360. Haka Premiere da After Effects suke ƙirga, daga kusurwar hagu ta sama. CapCut na kwamfuta bai bi wannan ba, a wurinsa tsakiya sifili ce da sifili. Haka ma Position (lambobin mazauni) na gaba ɗayan kilif, wato guntun bidiyo ko na rubutu, a Resolve, amma a cikin Text+, kayan rubutu na Resolve, tsakiya 0.5 ce da 0.5. Wanda ya ƙaura daga wata manhaja zuwa wata yakan rubuta 960 a inda ake neman sifili, rubutu ya ɓace ɓat ya yi ta nema.

Akwai wani gwaji da ba ya ƙarya. Ɗauki hoton firam ɗin da alamar kyamara da ke ƙasan tagar kallo, ka shigo da shi, ka ɗora shi sau biyu, ɗaya a kan ɗaya. Na saman ka sa masa Horizontal Flip, ka rage duhunsa, wato Opacity, zuwa kashi 50. Idan rubutun yana tsakiya, bakin harafin farko da na ƙarshe za su faɗo wuri guda a gefe biyun. Idan ɗaya ya zarce, rabin tazarar da ke tsakaninsu ita ce gocewar. A kan hoton da aka ɗauka ake yin gwajin, ba a kan shi rubutun ba, saboda Premiere yana juya kilif kafin ya lissafa Motion, wato sashen da ke riƙe da mazaunin kilif, sai gocewar da ke can ta ɓuya maka.

Mataki na 2: leƙa cikin rubutun kansa

A nan na fi kama ɓarawo. Danna cikin rubutun sau biyu, ka zaɓe shi duka da Ctrl da A, ka kalli inda launin zaɓin ya fara da inda ya ƙare. Idan ya wuce haruffan, akwai abin da ba ka gani.

Na taɓa ɓata kusan awa guda a kan rubutun "Ɗaurin Aure" da sunaye biyu a ƙasa. Layin sama daidai, na ƙasa ya ɗan zame dama. Na duba lambobi, na sake danna tsakiya, babu abin da ya motsa. Ashe sunayen daga saƙon waya na kwafo su, wanda ya turo kuma ya buga tazara uku a farkon layin don ya yi masa kyau a fuskar wayarsa. Tazara ɗaya a yawancin salon haruffa takan kai kusan rubu'in girman harafin. A rubutu mai girman 100, tazara uku sun doshi fiksel 75, rabinsu kuma shi ne abin da layin ya zame da shi. Tazarar farkon layi kusan kowace manhaja tana lissafa ta. Ta ƙarshen layi wasu suna lissafawa, wasu suna watsar da ita, saboda haka share duka biyun ka huta.

Layin banza ma haka. Idan ka danna Enter bayan kalmar ƙarshe, manhaja tana ganin layi biyu, ta raba tsakiya a tsakaninsu, rubutunka ya haura sama. Sa alamar rubutu a ƙarshe ka danna kibiyar ƙasa. Idan ta sauka wani layi, goge shi.

Sai buɗa tsakanin haruffa, abin da ake yi wa taken fim don ya yi kwarjini, wanda a Premiere ake kira Tracking. Manhajoji da yawa suna ƙara tazarar ne a bayan kowane harafi, har da na ƙarshe. A manhajojin Adobe ana auna ta da kashi ɗaya cikin dubu na girman harafi, wato idan ka sa 300 a rubutu mai girman 100, akwai fiksel 30 na iska a bayan harafin ƙarshe, kalmar kuma ta matsa hagu da 15. Maganin ba wuya: zaɓi harafin ƙarshe shi kaɗai ka mayar da tazararsa sifili. Idan layuka da yawa ne, kowane layi sai ka yi masa.

Mu masu rubuta Hausa muna da tamu ƙarin matsalar: ɓ, ɗ, ƙ, da ƴ da ake rubutawa a Nijar. Yawancin salon haruffan ado da ake saukowa da su kyauta ba su da waɗannan. Wata manhajar sai ta nuna akwatin banza, wata kuma ta aro harafin daga wani salo ba tare da ta faɗa maka ba. Aron nan faɗinsa daban, tsayinsa daban, yakan kumbura akwatin layin ya tura rubutun sama ko ƙasa. Ka zuƙo ka kalli ƙ ɗin da ke cikin "Ƙarshe" ko "Saƙo": idan kaurinsa bai yi daidai da na maƙwabtansa ba, baƙo ne. Noto Sans da Noto Serif, da Charis, Andika da Gentium na SIL, duk suna da haruffanmu. Gwada ɗaya daga cikinsu na minti ɗaya. Idan gocewar ta tafi, ka san daga inda take. Ni dai ban yarda da dabarar rubuta k zalla a maimakon ƙ don kawai salon ya yi kyau ba, "ƙafa" da "kafa" ai ba abu ɗaya ba ne.

Idan kana haɗa Larabci ko ajami da boko, raba su akwati biyu. Alkiblar rubutu daga dama zuwa hagu tana iya juya ma'anar maɓallan jeri, wasulan sama da na ƙasa kuma suna ƙara wa layin tsayi.

Mataki na 3: maɓallan tsakiya iri biyu ne, kuma da wanda ake fara dannawa

Wannan ne ya fi ruɗa sababbin hannu. A Premiere akwai maɓallin da ke jera haruffa a tsakiya, mai zanen gajerun layuka irin na Word, yana cikin sashen rubutu. Akwai kuma maɓallan da ke cikin Align and Transform, masu ɗaukar akwatin gaba ɗaya su kai shi tsakiyar hoto, ɗaya na kwance ɗaya na tsaye. A tsofaffin fitowa suna cikin Essential Graphics, daga fitowar 2025 kuma sun koma Properties. Maɓallin haruffa bai san da hoton ba sam, na akwati kuma bai damu da yadda layuka suke a ciki ba.

Fara da na haruffa, sannan ka danna na akwati. Idan ka juya tsarin, za ka ga rubutu ya zauna daram, kana danna na haruffa kuma ya yi tsalle hagu, domin yanzu yana jeruwa ne a kewayen ɗigon da ka fara rubutu a kai. Idan kuma ka tsallake na haruffa gaba ɗaya, yau zai yi daidai, amma duk harafin da aka ƙara gobe ta dama kawai zai tsiro.

Kula kuma da yadda ka ƙirƙiri rubutun. Idan ka ɗauki alƙalamin T ka danna sau ɗaya ka fara bugawa, akwatin yana bin girman kalmomin. Idan ka danna ka ja, ka zana akwati mai girman kansa, kuma shi manhaja za ta kai tsakiya, ba kalmomin ba. Akwati mai faɗin rabin allo da kalma ɗaya a maƙale a kusurwarsa ta hagu, a lissafin kwamfuta yana tsakiya. Ga gajeren take, danna sau ɗaya ya fi. Akwatin ja na dogon bayani ne, irin jerin godiya.

A Text+ na Resolve, abin da ke wannan aikin shi ne H Anchor da V Anchor. Dukansu su kasance a na tsakiya, sannan Center da ke shafin Layout ya nuna 0.5 da 0.5. Danna sunan kowane ma'auni sau biyu yana mayar da shi yadda ya zo. A CapCut na waya kuwa, ja rubutun a hankali har layin tsakiya ya bayyana ya kama shi, ka ɗaga yatsa ba tare da ka murza ba, don a wajen ɗagawar ne yake zamewa.

Mataki na 4: turke

Idan rubutu yana tsakiya a tsaye, amma da ka ƙara masa girma ko ka sa ya shigo yana kumbura sai ya gudu gefe, turkensa ne ba ya tsakiya. Shi ne ɗan da'irar nan mai gicciye da ake kira Anchor Point. Kamar akuya ce a ɗaure, duk zagayen da za ta yi a kewayen turke ne. Sabon rubutu yakan zo da turkensa a gindin harafin farko, shi ya sa yake girma zuwa dama da sama.

A After Effects, Ctrl da Alt da Home suna kai turke tsakiyar rubutu, sannan Ctrl da Home su kai rubutun tsakiyar hoto. A jere haka, turke tukuna. A Premiere, kama turken da linzami a tagar kallo kana riƙe da Ctrl, zai manne a tsakiyar akwatin idan ka kusanto. Kada ka canja lambobinsa da hannu kana tsammanin rubutun zai tsaya, domin ta lamba rubutun ne ke matsawa. Kuma ka sani, bayan ka sauya kalmomin ko salon harafi, tsakiyar ta sauya, sai ka sake kafa shi.

Mataki na 5: hawa uku na Position

Buɗe Effect Controls a kan kilif ɗin rubutu a Premiere, za ka tarar da Position a wuri uku: ɗaya a ƙarƙashin shi rubutun, ɗaya a Vector Motion, ɗaya a Motion na can ƙasa. Maɓallan tsakiya na farkon kawai suke taɓawa. Idan wani lokaci can baya ka danna kilif ɗin a tagar kallo ka ja shi ba da niyya ba, mai yiwuwa Motion ka matsar, kuma ko sau ɗari ka danna tsakiya ba zai koma ba, don yana tsakiyar faifan da shi kansa a goce yake.

A aikin 1920 da 1080, Vector Motion da Motion duka su nuna 960 da 540, a Position da kuma Anchor Point. Wanda ya saɓa, danna 'yar lanƙwasasshiyar kibiyar da ke gefensa. Duba kuma ko akwai Transform ko Crop da aka liƙa, musamman idan ka kwafo kayan ado daga wani kilif da Paste Attributes. Idan rubutun yana cikin sikwens, wato jerin da ake haɗa kilif-kilif a kai, da aka cusa a cikin wani sikwens, na wajen ma yana da nasa Motion ɗin. Resolve ma hawa biyu gare shi a Inspector: shafin Title da shafin Settings.

Sai alamun motsi, wato keyframes. Idan agogon da ke gefen Position ya yi shuɗi, duk gyaran da ka yi sabuwar alama kake dasawa a daidai inda sandar lokaci take. Rubutun zai zauna tsakiya a wannan daƙiƙar, ya riƙa sulalewa kafinta da bayanta. Ja sandar daga farkon kilif zuwa ƙarshe kana kallon lambobin. Idan suna canjawa alhali ba ka nemi motsi ba, kai sandar inda yake daidai, ka kashe agogon ka amince a share alamun.

Mataki na 6: girman aikin da na fitarwa

Rubutun da aka yi a aikin 4K aka kwafo shi cikin na 1080, ko aka yi shi a kwance aka mayar da aikin na tsaye, yakan zo da tsofaffin lambobinsa. Sau da yawa sake rubuta shi a sabon sikwens ya fi sauri a kan lallaɓa tsohon.

Masu tsofaffin kaset ɗin biki da ake mayarwa kwamfuta su kula da wani abu. Kaset ɗin DV na tsarin talabijin na PAL, wanda shi aka saba amfani da shi a Najeriya, 720 ne da 576, HDV kuma 1440 da 1080, kuma fiksel ɗinsu ba murabba'i ba ne, ana miƙe shi a wajen kallo. Tsakiyar HDV 720 ce da 540, ko da yake a ido faɗinsa ɗaya da na 1920. Ka duba Sequence Settings kafin ka rubuta 960 da ka.

Idan a cikin manhaja komai daidai ne amma fayil ɗin da ya fito a goce, to a tagar fitarwa gizo ke saƙa. Duba ko an bar yanka a gefe ɗaya, ko girman fitarwa ya saɓa da na aikin. Match Source yana kawar da yawancin wannan.

Hoton rubutu da aka zana a PixelLab ko Canva ko Photoshop aka fitar a PNG mara bango shi ma yana da nasa halin. Manhaja tana kai tsakiyar fayil ɗin ne tsakiya, har da sararin da ba a gani. Idan sararin hagu ya fi na dama, rubutu ya goce ke nan. Koma inda ka zana shi, ko ka daidaita shi a kan faifai mai girman bidiyon, ko ka yanke sararin ya yi daidai da bakin haruffa. Trim na Photoshop yana yin wannan a danna ɗaya.

Mataki na 7: inda ido ya fi lissafi gaskiya

Bayan duk wannan, wani lokaci lambobi sun cika amma har yanzu kana jin rubutun bai zauna ba. A nan kaɗai na yarda a matsar da hannu, shi ma da lamba, ba da linzami ba.

Ɗauki "'Yan Uwa". Waƙafin saman nan da ke gaban Y yana cin wuri a lissafi amma ba shi da nauyi a ido, sai kalmomin su zama kamar sun matsa dama. Alamar tambaya, ɗigo uku, da alamar zance a gefe ɗaya duk haka suke. Inuwar da aka jefa ƙasa ta dama tana jan ido can. A tsaye kuma, kalmar da aka rubuta da manyan baƙaƙe zalla ba ta da jela irin ta g da y, amma wasu manhajojin suna bar mata wurin jelar, sai ta zama kamar ta haura a cikin akwatin launin da ke bayanta. Irin wannan gyaran fiksel kaɗan ne, kamar 4 zuwa 10 a aikin 1080. Idan ka ga kana buƙatar 40, koma mataki na biyu, akwai abin da ka tsallake.

Bidiyon tsaye yana da nasa ruɗin. A TikTok da Reels maɓallan so da sharhi suna jere a dama, bayani kuma a ƙasa, sai dogon layi ya shige ƙarƙashinsu ya zama kamar ya karkata. Kada ka tura rubutun hagu saboda su, domin wannan fayil ɗin za a ɗora a sitatus na WhatsApp inda babu waɗannan maɓallan a gefe, a can kuma karkatar za ta fito fili. Rage faɗin layin, ka karya shi biyu, ka ɗaga shi sama da inda maɓallan suke farawa. Kafin ka miƙa wa mai aiki, fitar da daƙiƙa goma kacal na wurin da rubutun yake, ka tura wa wayarka ka kalla a can. Wanda ya fito daidai kuma ka adana shi da Export As Motion Graphics Template, ɗaya na kwance ɗaya na tsaye, bikin mako mai zuwa sunaye kawai za ka canja.